Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Kuɗi: Nazari a Kan Aron Waƙa Daga Amurka Zuwa Ƙasar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Wannan magana gaskiya ce idan ana batun daɗi, amma tarihin faifai da rediyo ya nuna cewa ba kullum ne waƙa take kawo wa mai ita suna da kuɗi ba. A ƙasar Amurka, musamman tsakanin 1954 da 1957, an sha ganin mawaƙi baƙar fata ya fitar da waƙa, kafin wata ya zagayo sai wani mawaƙi Bature ya sake rera ta a wani kamfani, tasa ta mamaye gidajen rediyo da kantuna, ta mai asali kuwa ta tsaya a unguwannin baƙaƙen fata.

Wannan nazari zai dubi yadda hakan ta faru, da abin da waƙa take rasawa idan an sauya mata baki, sannan ya auna al'amarin da ma'aunin ƙasar Haɗejiya, inda ake da makaɗan fada da na jama'a, da kuma waƙoƙin fadama waɗanda ba a rubuta sunan kowa a kansu ba. Abin da nazarin yake son tabbatarwa shi ne, aron waƙa tsohuwar al'ada ce wadda babu aibi a cikinta. Aibin yana shigowa ne a lokacin da mai aro ya fi mai abu ƙarfi a kasuwa, ya kuma yi amfani da wannan ƙarfi ya shafe sunansa ko ya danne rabonsa. A Amurka launin fata ne ya raba mai ƙarfi da maras ƙarfi. A ƙasarmu kuwa abin da yake rabawa shi ne birni da ƙauye, da mai takarda da maras takarda, da kuma matsayin da al'umma ta ajiye maroƙi a kai.

2.0 Dangantakar Gurmi da Banjo

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa kifi da kaska? Amsar tana cikin wani abin kiɗa da duk Bahaɗeje ya sani, wato gurmi, wanda marigayi Alhaji Haruna Uji ya ɗaukaka har sunan Haɗejiya ya zagaya ƙasar Hausa tare da waƙarsa ta Jummai. Gurmi ƙoƙon duma ne da ake rufewa da fata, a soke shi da sanda, a ɗaura masa tsirkiya. Yana da 'yan'uwa da yawa a Afirka ta Yamma, kamar garaya da molo a nan gida, da kuma wani da ake kira akontin a wajen mutanen Jola na Sanagal da Gambiya.

Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma sun ƙetare teku da sanin yadda ake haɗa irin wannan abin kiɗa. Wani likita mai suna Hans Sloane ya tarar da bayi suna kaɗa shi a tsibirin Jamaika lokacin da ya sauka can a 1687, ya kuma sa zanensa a littafin da ya wallafa a 1707. Shi ne ya zama abin da ake kira banjo. Daga wajen 1830 zuwa gaba, wani Bature ɗan jihar Bajiniya mai suna Joel Sweeney, wanda ya koyi kiɗan a hannun bayi, ya shiga yawo da shi yana wasa a dandali, fuskarsa shafe da baƙin gawayi yana kwaikwayon baƙar fata don a yi dariya. Wasu suka bi sahunsa, masana'antu suka shiga ƙera banjo, har ta kai a ƙarni na 20 yawancin mutanen duniya sun ɗauka kayan kiɗan Turawan karkara ne tun asali.

Haka kuma, masanin kiɗa Gerhard Kubik ya nuna a littafinsa na 1999 cewa wasu siffofin kiɗan blues na kudancin Amurka, kamar mawaƙi guda da abin kiɗa mai tsirkiya da lanƙwasa murya, sun fi kama da na yankin da ya haɗa arewacin Nijeriya da arewacin Kamaru, har ya kawo misali da kiɗan gogen wani Bahaushe. Ke nan labarin da za a kawo a ƙasa labarin dangi ne na nesa, kuma ƙwacen ya fara ne da abin kiɗa tun kafin a kai ga waƙa.

3.0 Yadda Kasuwar Faifai ta Kasance a Amurka

Tun daga 1920, lokacin da faifan Mamie Smith ya nuna wa kamfanoni cewa baƙaƙen fata ma suna sayen faifai, aka raba kasuwar gida biyu. Aka ware wa baƙar fata nasu jerin, ana kiransa faifan launin fata, sai a 1949 ne mujallar Billboard ta sauya wa jerin suna. Sunan ya sauya, amma katangar ba ta faɗi ba. Manyan gidajen rediyo da manyan kantuna na Turawa ne, kuma da yawansu ba sa sanya muryar baƙar fata. Ƙananan kamfanonin da suke ɗaukar waɗannan mawaƙa ba su da hanyar kai faifai ko'ina cikin ƙasar a mako guda, manyan kamfanoni kuwa suna da ita.

Doka ma ta taimaka wa mai ƙarfi. Dokar haƙƙin mallaka ta Amurka ta 1909 ta ce da zarar an fitar da waƙa a faifai, kowa yana iya sake rera ta ba tare da neman izini ba, muddin zai biya santi 2 a kan kowane faifai. Wannan kuɗi yana zuwa ne ga wanda takarda ta nuna shi ne mai kalmomi da karin waƙar, wanda sau da yawa kamfani ne ya riga ya saye. Muryar mawaƙi da salonsa da tsarin kiɗansa ba su da kariya, domin sai a 1972 ne dokar tarayya ta fara kare sautin da aka ɗauka a faifai.

Misalai suna da yawa. A 1954 wasu samari baƙaƙe da ake kira Chords suka fitar da Sh-Boom, sai wasu Turawan Kanada, Crew-Cuts, suka maimaita ta, tasu ta hau kan gaba a ƙasa baki ɗaya. A 1955 Georgia Gibbs ta kwafi waƙar LaVern Baker mai suna Tweedlee Dee tare da tsarin kiɗanta kusan ɗungurungum. Baker ta kai kuka majalisar dokokin ƙasar tana neman a kare tsarin kiɗa, amma ba a gyara dokar ba. A wannan shekara ce kuma Pat Boone ya maimaita Ain't That a Shame ta Fats Domino, tasa ta zo ta ɗaya, ta Domino ta tsaya a ta 10 a jerin ƙasa.

Labarin Arthur Crudup ya fi ban tausayi. Shi ne ya rera That's All Right a 1946, waƙar da Elvis Presley ya buɗe sana'arsa da ita a birnin Memfis a 1954. An rubuta sunan Crudup a kan faifan Presley, amma kuɗin ya maƙale a hannun masu riƙe da takardu. Ya koma aikin ƙwadago a gonaki, ya rasu a 1974 yana bin haƙƙinsa. Wannan ya nuna cewa ambaton suna kaɗai ba ya cika ciki.

4.0 Abin da Waƙa Take Rasawa

Aikin mai nazari bai tsaya a lissafin kuɗi ba, dole ne ya saurari waƙoƙin biyu ya ga abin da aka cire. Za a ɗauki misali biyu.

Na farko shi ne Hound Dog, wadda Willie Mae Thornton ta rera a 1952, ta fito a 1953, ta kuma yi mako 7 tana kan gaba a jerin baƙar fata. A bakin Thornton waƙar habaici ce. Mace ce mai zuciya take korar wani malalacin namiji da yake zagaya gidanta don abin da zai ci, ta kamanta shi da kare. Kiɗan yana tafiya a hankali, muryarta tana da kauri da gurnani, tana magana mai jita yana ba ta amsa, kamar yadda zabiya take yi da makaɗinta. Presley ya ɗauko tasa ne a 1956 daga wata ƙungiyar Turawa da ta riga ta sauya kalmomin suka koma zancen karen da ya kasa farauta. Ya ƙara wa kiɗan sauri da ƙarfi, kuma babu musun cewa ya yi ta da kuzarin da ya girgiza matasan zamaninsa. Sai dai matar ta ɓace, dalilin fushin ya ɓace, habaicin ya zama ihu. Faifansa ya yi mako 11 a kan gaba, ita kuwa Thornton ta sha faɗin cewa dala 500 kaɗai ta taɓa karɓa a kan waƙar. Ta rasu a 1984 cikin rashi.

Irin wannan gogewa ce Pat Boone ya yi wa waƙoƙin Domino da Little Richard, ya sassauta murya, ya cire ƙaraji, ya mai da su abin da iyaye Turawa za su yarda a sa a falo. An ma ruwaito cewa ya so ya gyara nahawun sunan waƙar Domino don ya dace da Ingilishin makaranta. Malaman Hausa za su gane wannan, domin daidai yake da a ɗauki waƙar da aka yi da Haɗejiyanci a mai da ita Kananci, a ce an gyara ta.

Misali na biyu daga nahiyarmu yake. A 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda da ƙungiyarsa suka rera Mbube, wato zaki, a kamfanin Gallo da ke Johannesburg. An biya shi sule 10, kamfani ya riƙe waƙar. Ta yi farin jini har sunanta ya zama sunan wani salon waƙa a Afirka ta Kudu. Faifan ya faɗa hannun Pete Seeger a Amurka, wanda bai ji Zulanci ba, ya rera abin da kunnensa ya jiye masa, ƙungiyarsa ta Weavers ta yi kasuwa da ita a 1952 da sunan Wimoweh. Aka ɗauke ta a matsayin waƙar gargajiya maras mai ita, aka rubuta wani sunan ƙage a gurbin mawallafi. A 1961 aka sa mata kalmomin Ingilishi, ƙungiyar Tokens ta fitar da ita da sunan The Lion Sleeps Tonight, ta zo ta ɗaya. Karin da duniya ta fi sani a cikinta wani ɗan gajeren rauji ne da Linda ya ƙago nan take da siririyar murya a ƙarshen faifansa. Linda ya rasu a 1962 yana matalauci. Kamfanin Disney ya sa waƙar a fim ɗin The Lion King a 1994. Sai da ɗan jarida Rian Malan ya tono labarin a 2000, aka shigar da ƙara a 2004, sannan a 2006 aka sasanta, aka amince da sunan Linda cikin mawallafa, aka kuma ba magadansa rabo. Shekara 67 ke nan bayan rera waƙar.

5.0 Ɗaya Gefen Maganar

Adalci ya wajaba a kan mai nazari, saboda haka akwai abubuwan da ba za a ɓoye ba. Da farko, Turawa biyu ne, Jerry Leiber da Mike Stoller, suka rubuta wa Thornton kalmomin Hound Dog, kuma mai kamfanin Peacock da ya fitar da faifanta, Don Robey, baƙar fata ne. Ashe gardi ba shi da launi guda.

Na biyu, maimaicin ya buɗe wata ƙofa. Matasan Turawa da suka ji kwafi sun shiga neman asali, har a 1956 faifan Little Richard na Long Tall Sally ya wuce na Pat Boone a kasuwa. Samarin Ingila na ƙungiyar Rolling Stones sun ɗauki sunansu daga wata waƙar Muddy Waters, ba su kuma ɓoye malamansu ba. A 1965 suka dage sai an gayyato Howlin' Wolf cikin shirin talabijin da za su fito a Amurka, suka zauna a ƙasa suna kallonsa. Takwarorinsu na Led Zeppelin kuwa sai da Willie Dixon ya kai su kotu a 1985 kafin sunansa ya hau kan waƙar da suka gina a kan kalmominsa. Duka ƙungiyoyin biyu aro suka yi, bambancinsu yana cikin ladabi.

Na uku, aron yakan juya. A 1992 Whitney Houston, baƙar fata, ta maimaita I Will Always Love You ta Dolly Parton, Baturiya, ta kuma fi ta kasuwa nesa ba kusa ba. Amma Parton ba ta yi asara ba, dukiya ta tara, domin ita ce mai takardar waƙarta. Tun da farko ta ƙi yarda a lokacin da manajan Presley ya nemi rabin haƙƙin waƙar kafin Presley ya rera ta. Idan aka jera Parton da Linda, za a ga cewa dukansu an maimaita waƙarsu an kuma fi su suna da ita. Ɗaya tana da ilmin takarda da ikon cewa a'a, ɗayan kuwa baƙar fata ne a ƙarƙashin mulkin wariya. Nan ne gizo yake saƙar.

6.0 Aron Waƙa a Ƙasar Hausa

Makaɗan Hausa ba su taɓa ɗaukar waƙa a matsayin abin kullewa a akwati ba. Yaro yakan fara da ɗaukar kaya, ya zama ɗan amshi, ya haddace waƙoƙin maigidansa, ya ci gaba da rera su bayan ransa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya tashi ne a ƙungiyar mahaifinsa da ta yayansa, kuma bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka riƙe kiɗan. Waƙoƙin amada da Hajiya Barmani Coge ta yi fice da su suna da saiwa a cikin kiɗan ƙwarya na matan kulle. Sai dai wannan aro yana da ƙa'ida. Makaɗi yakan ambaci wanda ya koya masa, yakan kira sunayen makaɗansa a tsakiyar waƙa, idan an tashi daga wasa kuma a zauna a raba abin da aka samu bisa matsayi. Mafi muhimmanci, jama'ar da ke sauraro sun san mai waƙa, saboda haka ɓarawon waƙa ba shi da wurin ɓuya.

Na'ura ce ta raba waƙa da idon shaidu. Faifan garmaho ya zo, Rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kaset ya biyo baya tare da masu kwafe shi a kasuwa, sannan wayar hannu da masu tura waƙa a kati, sai kuma YouTube da TikTok. A kowane mataki waƙa tana ƙara nisa, mai ita yana ƙara nisa da ladanta. A kan wannan kuma ga matsayin maroƙi. Tun a 1959 masani M. G. Smith ya bayyana yadda tsarin Hausawa ya sa makaɗa da maroƙa a sahun ƙasa. Wanda aka saba ganin abin hannunsa kyauta ce aka ba shi, da wuya a yarda yana bin wani bashi. Ko Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, rayuwarsa ta dogara ne a kan kyautar iyayen gida fiye da cinikin faifai.

A yau yaron birni mai fiyano da kwamfuta shi ne yake zaune a kujerar Pat Boone. Yakan ɗauki gindin wata tsohuwar waƙa, ya zubar da ɗiyanta, ya ɗora ta a kan kiɗan na'ura na minti 4 ko 5. To, a cikin ɗiyan nan ne sunayen mutane da garuruwa da sana'o'i suke, wato tarihin da waƙar take ɗauke da shi. Bugu da ƙari, gurmi da kalangu suna bin mawaƙi ne, su jira shi idan ya tsaya, su kaɗa taken wanda ya shigo fage, na'ura kuwa mawaƙi ne yake bin ta. Akwai matasan da suke yin wannan aiki da basira, suna kuma faɗin inda suka samo, kuma ta dalilinsu yara da yawa suka fara jin sunan Shata da Ɗanmaraya Jos. Waɗannan sun cancanci yabo. Wanda ya cancanci zargi shi ne mai cewa tsohuwar waƙa ce, ba ta kowa ba ce.

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya nuna a rubuce-rubucensa yadda mawaƙan Hausa, tun daga wasu masu goge har zuwa mawaƙan finafinan Kano, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin finafinan Indiya suna sa musu kalmomin Hausa ba tare da ambaton masu su ba. Duk wanda zai yi kukan abin da aka yi wa Linda, to ya fara duba wannan.

7.0 Waƙoƙin Fadama da Matsayin Doka

Waƙoƙin da suka fi shiga haɗari a ƙasar Haɗejiya su ne waɗanda suke tafiya da aiki: na masunta, da na gayyar noma, da na lugude da niƙa da daɓe, da na gaɗa a dandali, da na reno. Ana samunsu daga Auyo da Kafin Hausa har zuwa Guri da Kirikasamma da Birniwa, kuma ba da Hausa kaɗai ba, har da Fulatanci da Manganci da Badanci. Aikin da ya haife su yana sauyawa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa a 1992 sun sauya yadda kogi yake malala, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, injin niƙa da na casa sun karɓe aikin turmi da dutse. Idan aiki ya mutu, waƙarsa takan rage a bakin tsofaffi kaɗan, kuma duk wanda ya riga zuwa da waya shi ne zai zama mai ita a idon duniya. Harshen Auyokawa ya riga ya ɓace, duk abin da aka rera da shi ya bi shi. Wannan ya isa ya tuna wa Bahaushe cewa a fadamar nan shi ne mai babban harshe, kuma abin da Ingilishi ya yi wa Zulanci, Hausa tana iya yi wa Badanci.

Haɗarin waje ma yana nan. A 1992 wasu Faransawa biyu masu suna Deep Forest suka ɗauki muryar wata mata mai suna Afunakwa ta tsibiran Solomon tana waƙar reno, daga faifan bincike da hukumar UNESCO ta fitar a 1973, suka ɗora a kan kiɗan na'ura suka sayar a duniya ba da saninta ba. Kiɗan Hausa ma yana cikin irin waɗannan faifai, domin David Ames ya ɗauki makaɗan Hausa, an kuma fitar da su a jerin UNESCO. A ɗaya ɓangaren akwai misali mai kyau. Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tattara waƙoƙi daga katin wayoyin mutane a arewacin Mali, amma da zai fitar da su a 2011 sai ya bi sawun mawaƙan, ya sa sunayensu, ya ba su rabo. Ta nan ne duniya ta fara sanin Mdou Moctar na Nijar. A 2013 kuma kamfanin ya fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So.

Dokar Nijeriya ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ba mawallafin waƙa kariya tsawon ransa da shekara 70 bayan rasuwarsa, sautin da aka ɗauka kuma shekara 50. Ke nan waƙoƙin Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015, da na Haruna Uji, duk suna da magada a gaban doka. Dokar ta kuma kare waƙoƙin gargajiya, ta ce ba za a yi kasuwanci da su ba sai da izini, kuma dole a ambaci al'umma ko wurin da aka samo su, amma ta sassauta wa koyarwa. Rauninta shi ne, ikon ba da izinin yana hannun Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya, ba a hannun mutanen garin da suka raini waƙar ba. Kuma doka ba ta iya kare abin da babu shaidar asalinsa.

8.0 Kammalawa

An ga yadda rabuwar kasuwa da gurguwar doka suka sa Turawan Amurka suka ci moriyar waƙoƙin baƙar fata, an ga abin da waƙoƙin suka rasa a hanya, an kuma ga cewa irin wannan rinjaye yana nan a tsakaninmu da wata riga. Magadan Linda sun yi nasara ne domin akwai faifan 1939 ɗauke da sunansa da muryarsa. Wannan ita ce shaidar da yawancin waƙoƙin fadama ba su da ita, kuma samar da ita ba ya buƙatar kuɗi mai yawa.

Malamin Hausa a firamare ko sakandare yana iya sa kowane ɗalibi ya ɗauko waƙa guda daga gidansu, da izinin mai ita, ya rubuta sunan wanda ya rera, da garinsa, da ranar da aka ɗauka, da wanda ya koya masa, da aikin da ake yi da waƙar, a kuma bar ta da karin harshenta ba tare da gyara ba. A ajiye kwafi a makaranta, a ba mai waƙar nasa. Dattawa kuma su ne suka san wace waƙa ce ta wane, saboda haka idan suka ji gindin tsohuwar waƙa a bakin sabon mawaƙi, ya kamata su faɗi sunan mai ita a gaban yara. Magadan makaɗa su nemi shawara kafin su sa hannu a kan kowace takarda, su tuna da sule 10 na Linda. Shi kuwa matashin da yake son ya ari waƙa, ƙofa a buɗe take kamar yadda take tun zamanin kakanni: ya je ya gai da masu ita, ya ambaci sunansu a inda kowa zai gani, ya kai musu rabonsu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.